Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Sunan Wa Aka Rubuta?

A makon jiya na tsaya a kan rabon gadon mahaifinmu, inda Baffa ya yanke cewa gonar fadama ba ta rabuwa, a bar ta a hannun maza, mu mata a riƙa auno mana namu idan kaka ta yi. Shari'a ta ba ni rabin abin da ɗan'uwana namiji zai samu, kuma Baffa ya san haka sarai, domin shi ke jan salla a unguwa. Ba zan faɗi yawan tiyar da aka auno mini ba, saboda jikokinsa suna karanta wannan rubutu. A ranar ce Goggo ta riƙe hannuna a gindin rumbu ta ce, "Ke 'yar nan, wadda ba a rubuta sunanta ba, ko ta yi noma wani ta yi wa."

Bayan an kai ni Kura, Malam ya yanka mini gayauna a ƙarshen magudanar ruwan da ke zuwa daga dam ɗin Tiga. Ina noma shinkafa, ina kuma turara ta a gida in sayar. Haka shekaru suka shuɗe, yara suka girma.

A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka kawo tsarin rabon taki ta wayar salula, buhu biyu a rabin kuɗi ga duk manomin da ya yi rajista. A ƙofar gidan mai gari aka yi rajistar, inda mace ba ta zama, don haka sunan maigida aka rubuta, saƙon ya shiga wayarsa, takin ya tafi gandu. Ban zargi Malam ba, gandun nan ne ke ciyar da mu. Amma ni a kasuwa na sayi nawa, mudu-mudu, maganar Goggo tana yi mini yawo a ka. Ita Goggo sai a zaɓen 1979 ta fara jefa ƙuri'a, alhali matan Kudu sun daɗe suna yi, kuma har ta rasu tana ba mu labarin ɗaurin da Gambo Sawaba ta sha saboda neman wa mata wannan 'yanci.

Abin da ya fi taki ci mini rai shi ne ruwa. Bayan sallar isha'i maza ke zaman tsara rabonsa, kullum kuma gonakin ƙarshen layi, waɗanda da yawansu na mata ne, sai tsakar dare layinsu ke zuwa. Wace matar aure ce za ta ɗauki tocila ta tafi buɗe ruwa ƙarfe biyun dare? Sai muka mayar da adashenmu ƙungiya, muka yi rajista, kowace da sunanta, muka nemi a dawo da zaman bayan la'asar a harabar firamare.

Wani dattijo ya ce, "Hajiya, ai mazajenku sun wakilce ku."

Na durƙusa na ce, "Baba, ranka ya daɗe, zawarawa da waɗanda mazajensu suka tafi cirani fa, wa ya wakilce su?"

An ba mu ruwan safe da kujera ɗaya a kwamiti, kuma ni aka zaɓa. Gonar fadama kuwa tana hannun 'ya'yan Baffa har lokacin, kuma a mako mai zuwa zan faɗi yadda muka tsaya da su gaban alƙali.