Daga Sikelin 'Yan Gwangwan Zuwa Gwanjon eBay

Ɗan shagona yana Kaduna, mu uku ne a ciki, kuma abin da muke sayarwa shi ne tsofaffin kayan tallan kamfanonin giya da na lemo: tire mai tambari, mabuɗin kwalba, marafe, kalanda, kofunan gilashi, da allunan ƙarfe irin waɗanda ake kafawa a ƙofar otal. Babu ɗigon abin sha a cikin hajarmu. Duk da haka akwai maƙwabtan da suke ganin tallan giya nake yi, ni kuwa ba na musu da su. Ɗaya daga cikin yaran shagon ma kayan Coca-Cola da Fanta kaɗai yake taɓawa, na kuma bar shi a haka.

Yawancin kayan daga hannun 'yan gwangwan suke fitowa, musamman a kasuwar Panteka. Su kilo suke kallo, masu saye ta eBay, shafin gwanjo na intanet, a Ingila da Jamus da Amurka kuwa shekara suke kallo. A tsakanin nan muke cin abinci.

Don haka dole mutum ya san tarihi. Kamfanin Nigerian Breweries ya fara fitar da giyar Star a Legas a 1949, ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1963, Gulder kuma ta zo a 1970. Duk wanda ya kawo mini tiren Gulder ya rantse tun zamanin Turawa yake, na san ciniki kawai yake ja. Guinness ta kafa masana'anta a Ikeja a 1962, ta farko a wajen Ailan da Birtaniya, shi ya sa masu tara kayanta suke rububin duk abin da aka buga sunan Ikeja a jikinsa. Hatta fastocin Michael Power, jarumin tallan Guinness da aka fara a 1999, sun soma samun masu nema, ko da yake har yanzu kuɗinsu bai kai ya kawo ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hana mutane gyara. Mai kawo kaya zai ga tsatsa a gefen allo, sai ya sa soson ƙarfe ya goge, wani ma har ya bi da sabon fenti don ya burge ni. Shi ke nan, ya kashe kasuwar. Mai saye yana son ganin tabon da shekaru suka bari, da ramin ƙusa, da bayan allon, domin da su yake bambance na asali da jabu, kuma jabun ya cika intanet. Mu ruwan ɗumi da sabulu kaɗai muke sawa, mu ɗauki hoto gaba da baya a hasken rana, mu rubuta kowane lahani ba ɓoyewa.

Gwanjon kwana bakwai na fi sawa, in daidaita shi ya ƙare ranar Lahadi da yamma agogon Turai, lokacin da mutane suke gida. Kwana shida za ka ga farashi a kwance kamar ba mai so. A daƙiƙun ƙarshe ake tayi na gaske, kuma a nan ba damar cewa albarka: in lokaci ya cika, ka sallama ke nan, sai dai in tun farko ka gindaya farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba.

Kuɗi ta hannun ƙanena da ke Ingila suke biyowa, shi yake riƙe da asusun. Sai kuɗin aikawa, wanda shi yake cinye riba. Babban allo ta DHL kan lashe fiye da abin da aka saye shi, kofuna kuma suna fashewa a hanya. Shi ya sa yanzu na fi karkata ga marafe da takardun jikin kwalba, waɗanda ambulan ɗaya ke ɗauke da su da yawa. Manyan alluna sai in mai saye ya amince da kuɗin jirgi tukuna nake sa su a gwanjo.