Yau na sauya wa Mauser ɗina makulli

Asabar, da dare.

Aikin da na daɗe ina ɗagawa yau dai na tunkare shi: sauya makullin bindigar farautata, wato abin da ke hana ta tashi ba da niyya ba. Mauser 98 ce, irin mai sakata, wadda sai ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya ka tura gaba kafin harsashi ya shiga makwancinsa. Ƙirar Paul Mauser ce da sojan Jamus suka karɓa a 1898, kuma tawa tana cikin waɗanda aka rage wa katako bayan sun bar hannun soja, aka mai da su na farauta.

Makullinta na asali ba shi da aibi ta fuskar aminci. Ɗan fiffike ne a bayan sakata mai matsayi uku. In ya kwanta hagu, bindiga a shirye take ta tashi. In ya miƙe tsaye, allura, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, ta kulle amma sakata tana buɗuwa. In ya kwanta dama, an kulle allura da sakata duka. Matsalar ta taso ne da na ɗora madubin hangen nesa. Madubin ya zauna ƙasa-ƙasa, yadda ya kamata don kunci ya samu katako ido ya samu saiti, sai fiffiken ya rasa hanyar wucewa. Yana tasowa daga hagu sai ya bugi gindin madubin ya tsaya. Ke nan ina riƙe da bindigar da makullinta ba ya shiga, kuma tun daga lokacin ban yarda na ɗana ta da harsashi a ciki ina tafe ba.

Hanyoyi uku ne a gabana. Akwai gajeren fiffike da ake sawa a madadin na asali, mai lilo a ƙarƙashin madubi, wanda aka fi sani da samfurin Buehler. Shi ya fi sauƙin sawa, amma matsayi biyu kawai gare shi, sai ka rasa na tsakiya. Akwai kuma kunamar da ake sayarwa da makullinta a gefe, irin wadda kamfanin Timney ke yi. Tana da daɗin ja, amma makullin nata kunama yake tarewa, allurar kuwa tana nan a ɗane bisa ɗan haƙorin da kunama ke saukarwa a lokacin harbi, babu abin da ya riƙe ta ita kanta. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Na zaɓi ta uku, wato sauya hular sakata, murfin bayanta da makulli ke zaune a kai, gaba ɗaya da mai makulli irin na Winchester Model 70, bindigar da ta fito a 1936. Shi hannunsa a dama yake, gaba da baya yake tafiya a kwance, don haka ba ruwansa da madubi. Gaba harbi, tsakiya allura a kulle sakata a sake, baya komai a kulle. Matsayin tsakiyar nan shi ya sa na zaɓe shi, domin da shi ne mutum zai fitar da harsashi daga makwanci alhali allura tana tsare. Lokacin sauke harsashi yatsu suke yawo kusa da kunama, kuma daidai nan ne ba na son a ce sai na buɗe makulli tukuna.

Ban yi aikin ni kaɗai ba. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran bindigogi, bisa sharaɗin ni zan yi da hannuna shi kuma ya sa ido. Ina ajiye ta a kan tebur, kafin ma mu gama gaisawa, ya ja sakata ya leƙa makwanci, ya zura ƙaramin yatsa ya taɓa, ya duba gidan harsashi. Sannan ya ce, “Akwai harsashi a aljihunka?” Na ce babu, Baba. Ya ce to madalla, a teburin nan harsashi mai rai ba ya hawa.

Sai da muka cire madubin kafin fiffiken ya miƙe tsaye, domin a tsaye ake kwance sakatar Mauser. Na ja marikin da ke hagu na zare ta, na danna ɗan makarin hula, na warware hular da allura da sifirin suka fito tare. Daga nan sai a kafa tsinin allura a kan katako, a danna hula ƙasa da ƙarfi har ƙeyar allura ta fito fili, a murɗa ta rubu'in zagaye ta fita. Sifirin ɗin nan ba na wasa ba ne. Baba ya sa na saka tabarau na kariya, ya ce in kau da fuskata daga saitin hular, in kuma sassauta a hankali kada ta kufce. Abin da ya burge ni shi ne duk wannan babu sukundireba babu komai, da hannu da ɗan katako aka wargaza ta. Wanda ya tsara ta ya yi tunanin sojan da ke cikin laka.

Sabuwar hular ta hau tiredin sakata lafiya lau, ta tsaya daidai inda ya kamata. Muka mayar da komai, na ɗana, na tura hannun makulli baya. Ko motsi bai yi ba. Baba ya ce haka ake so. Ya ce sabon makullin da ya shiga salin-alin tun farko shi ne abin tsoro, domin ƙila bai taɓa komai ba.

A nan ya zaunar da ni ya nuna mini abin da ya sa na zo. Idan aka ɗana bindigar, sifirin yana tura allura gaba, abin da ke tare ta kuwa ɗan haƙori ne da ke tasowa daga ƙasa ya kama ƙeyarta. Jan kunama shi ke saukar da haƙorin, allura ta ruga ta bugi gindin harsashi. Aikin makulli na ƙwarai shi ne ya shiga gaban ƙeyar ya ja ta baya kaɗan, ƙasa da rabin milimita, har ta rabu da haƙorin, nauyin sifirin ya koma kan makulli. In haka ta samu, ko an ja kunama haƙorin zai sauka ya sake tasowa wurinsa ba tare da ya gogi komai ba, kuma in aka buɗe makulli ƙeyar za ta dawo ta zauna a kansa. Amma a ce an ci ƙarfen ya yi yawa, makulli yana shiga gaban ƙeyar da 'yar tazara ba ya jan ta. Mutum ya kulle, wani reshe ko yatsa ya taɓa kunama, haƙori ya sauka, ƙeyar ta matsa gaba ta jingina da makulli, ta hau kan haƙorin ta hana shi tasowa. Ba ƙara, ba alama. Bindiga tana nan shiru, mai ita yana ganin a kulle take. Yana buɗe makulli sai ta tashi, babu wanda ya taɓa kunama a lokacin. Da ya gama nuna mini da sassan a tafin hannunsa, jikina ya yi sanyi, domin irin wannan makullin ya fi rashinsa haɗari. Wanda ba shi da makulli ya san ba shi da shi, yana kaffa-kaffa.

Don haka sauran yinin a kan ɗan gefe guda na ƙeyar allura ya ƙare, inda makullin zai hau. Na miƙa hannu zan ɗauki magagari, Baba ya ce, “A'a ɗana, dutse.” Ƙarfen nan taurinsa a fata yake, cikinsa da laushi, kuma magagari ko dai ya zame ko ya yi ɓarna. Sai in shafa baƙar tawada a wurin, in haɗa, in ɗana, in gwada tura makulli, in kwance in ga inda tawadar ta goge. Nan kaɗai zan wasa, shafa kaɗan da dutsen washi da ɗigon mai, a karkace yadda makullin zai samu gangaren hawa. In sake shafa tawada, in sake haɗawa. Kowane zagaye sai na danne sifirin ɗin nan, har tafin hannuna ya yi ja. Sau da yawa raina ya ba ni in ƙara matsa dutsen a gama, sai in tuna ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Baba ya ajiye wata ƙeyar ta daban a gefe ko da za a yi ɓarna, amma ba mu kai gare ta ba.

Can da rana ta yi sanyi hannun makullin ya fara tafiya, da ƙyar da farko, sannan ya faɗa tsakiya da ɗan ƙas. Baba ya ce in ɗora farcena a bayan ƙeyar in sake turawa. Na ji ta taso ta tura farcen baya. Ido da ƙyar yake ganin motsin, amma farce yana ji sarai. Na yi ta maimaitawa don daɗin abin.

Gurbin da ɗan makarin zai faɗa don kulle sakata a matsayin baya, Baba ne ya yi shi da kansa a kan injinsa, ni dai na tsaya ina kallo. Ya kuma auna fitowar tsinin allura daga fuskar sakata, ya samu wajen milimita 1.5, ya ce sabuwar hula ba ta taɓa wannan ba.

Sai gwaji, bindiga babu komai a ciki, bakinta na kallon buhun yashi a kusurwa. Na ɗana, na sa makulli a tsakiya, na ja kunama da ƙarfi, na saki, na tura makulli gaba. Allura ba ta faɗi ba. Na yi haka daga matsayin baya. Na yi da makulli a rabin hanya, tsakanin gaba da tsakiya, domin a daji ba kullum yatsa ke kai shi ƙarshe ba. Na rufe sakata da ƙarfi kamar mai gaggawa, na buga gindin bindigar a kan tabarmar roba a ƙasa, a kulle da kuma a buɗe. Duk ta riƙe. Da aka ja kunama da gangan kuwa, ta faɗi tsaf. Muka mayar da madubi, hannun makulli ya wuce ƙarƙashinsa da sarari, babban yatsana yana kai masa ba tare da na saki riƙo ba.

Na so in tafi da ita a haɗe, Baba ya hana. Ya ce inda na wasa na kusa ratsa fatar ƙarfen, in aka bar shi haka zai riƙa cinyewa a hankali, wata rana jan bayan nan da na ji da farce ya ɓace ban sani ba. Zai sake taurara wurin, in ya huce mu maimaita gwajin daga farko, domin wuta takan ɗan motsa ƙarfe. Ya kuma ce in mai da gwajin nan al'ada duk lokacin da na wanke ta. Na bar masa sakatar, na dawo da sauran na kulle a akwatinta. Sai ya kira ni, sannan in je filin gwaji in sake saita madubin, tunda an cire shi an mayar.