Daga Abuja zuwa Kano a kujerar baya

Motoci uku muka ɗauka daga Abuja don kai baƙin ɗaurin aure Kano: Mercedes S-Class doguwa ƙirar W222, da Lexus LS 460 L, da Lexus ES 350, kowacce da direbanta. Na riƙa sauya mota a kowane zango, kuma a kujerar baya ta dama nake zama, wurin mai gida, domin motar da za a tuƙa mutum a ciki daga nan ake auna ta. Ƙarfin inji da daɗin sitiyari rabon direba ne.

Gari na wayewa muka tashi, don hanyar Kaduna ba ta tafiyar dare ba ce. Daga Zuba zuwa Kano kimanin kilomita 375 ne, kuma ba kwalta iri ɗaya ba ce daga farko har ƙarshe.

S-Class na fara shiga. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a doguwar milimita 3,165 ce, a gajerar kuwa 3,035, kuma wannan ƙarin santimita 13 duk ƙafar wanda ke baya aka ba. Idan aka tura kujerar gaba, aka kwantar da ta baya, dogon mutum zai miƙe ƙafa sosai, babbar rigarsa ba ta cukuikuye ba. Motar ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba. Jakunkunan iska ne a ƙafafunta huɗu, da kwamfireso da ke cika su. Daga Zuba har muka wuce Tafa, inda hanya ke da kyau, ko ƙarar tankokin mai da muke wucewa da ƙyar take shigowa. A kan lafiyayyar kwalta ban san wadda ta kamo ta ba.

Bayan Jere ne hanyar ta canza. Ramuka suka yawaita, a wasu wurare an haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, babu filin kaucewa. Kafin Katari muka faɗa wani rami mai kaifin baki. Direban ya gangara gefe, ya duba, ya dawo.

"Ranka ya daɗe, tayar gaba ta yi ƙululu."

"Malam, za ta kai mu Kaduna?"

"Da yardar Allah, in ban wuce tamanin ba."

Laifin na wili ne, ba na motar ba. An sa mata wili mai inci 20 don ado, da taya 245/40 a gaba, wato faɗinta milimita 245 ne, tsayin gefenta kuma kashi 40 cikin ɗari na faɗin. Tsayin gefen irin wannan taya bai kai santimita 10 ba. Da wili mai inci 18 ne da taya 245/50, da ya haura santimita 12. Wannan ɗan bambancin shi ne ke shanye dukan rami kafin ya kai ga wili. In gefen ya yi siriri, bakin ramin sai ya matse roba a jikin ƙarfe, zaren ciki ya tsinke, ƙululu ya fito, kuma ba a yi masa faci. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin waɗannan motoci ba sa zuwa da safaya. Ana sa musu taya mai taurin gefe wadda ke iya yin kamar kilomita 80 ba iska, amma mai facin bakin hanya ba shi da injin cire ta, in ya sa ƙarfe da guduma sai ya lalata wilin. Sai da muka shiga Kaduna aka samu sabuwa.

Duk mai niyyar hayar S-Class ko sayenta ta hannu, ya nemi a bar ta ta kwana a ajiye, ya je da sassafe kafin a tayar da ita. In kusurwa ɗaya ta durƙusa, jakar iskar wannan ƙafar na yoyo. Yoyon kan fara kaɗan, sai kwamfireso ya riƙa aiki ba hutu don ya cike gurbin, har ya ƙone, gyaran jaka ɗaya ya koma gyaran abu biyu. Zafi da ƙura suna gaggauta tsufan robar. Akwai maɓallin da ke ɗaga motar 'yan santimita, kuma direban da ya san aikinsa yakan danna shi kafin ya sauka daga kwalta.

A Mararraban Jos na koma LS 460 L. Ita tazarar tayoyinta milimita 3,090 ce, ta ɗan gaza Mercedes, amma gwiwata ba ta kusanci kujerar gaba ba. Wannan da muka ɗauka sifirin na ƙarfe gare ta, da taya 235/50 a kan wili mai inci 18. Ba ta yin shawagin nan na S-Class, mutum yana jin hanya kaɗan a ƙarƙashinsa, sai dai rami ba ya girgiza shi, kuma ba abin da zai sace iska a tsakiyar daji. Injinta mai silinda takwas ne, lita 4.6, giyarta takwas, kuma ita ce motar da ta fara fitowa kasuwa da irin wannan giya a 2006. Tsakanin Jaji da Zariya ban iya gane lokacin da take canza giya ba. Tankinta lita 84 ne, ya isa Kano ba tare da an tsaya a gidan man da ba a sani ba, wanda babban abu ne ga injin da ba ya jure gurɓataccen mai.

Ita ma tana da inda take ciwo. Ƙafafunta na gaba hannuwa takwas gare su, huɗu a kowane gefe, kuma bushin ɗinsu, wato robar da ke mahaɗarsu, na saurin cinyewa. Alamar ita ce ƙwanƙwasa idan an taka birki a hankali ko an hau tudun rage gudu. Bakanike nagari gaba ɗaya yake canza su, don in an canza biyu sauran za su biyo baya ba da daɗewa ba. Sai kuma na'urar birkinta mai aiki da lantarki, wadda in ta fara kuka ko ƙara idan an taka, to a shirya kuɗi. Duk da haka, in tafiyar ta wuce awa uku a hanyoyinmu, ita zan zaɓa wa dattijo.

Wani daga cikin baƙin ya tambaye ni a Kwangila me ya hana mu ɗauko doguwar limuzin irin ta Amurka. Waɗannan yawancinsu Lincoln Town Car ce ake yankewa a tsakiya a ƙara mata tsawo. Ta dace da hakan saboda jikinta a kan firam na ƙarfe yake zaune, kamar babbar mota, kuma tun 2011 aka daina ƙera ta. Tsawon da ke burge mutane shi ne matsalarta: a kan tudun rage gudu cikinta ke fara dukan ƙasa. Daga gida zuwa ɗakin taro ta yi, ban da doguwar hanya. BMW 7 doguwa kuwa fili gare ta sosai, tazarar tayoyinta milimita 3,210, amma mai silinda takwas ɗin ta shahara da shan baƙin mai idan ta tsufa, ga ta ita ma da taya mai taurin gefe.

Zangon ƙarshe a ES 350 na yi shi, ta Tashar Yari da Kwanar Ɗangora. Hanyar nan ta yi kyau, motar kuma ba ta ba da kunya ba. Tazararta milimita 2,820 ce, kujerar baya ba ta kwanciya, ƙarar taya na shigowa fiye da sauran biyun. Amma tayoyin gaba ne ke jan ta, don haka tudun tsakiyar ƙasan motar gajere ne, mutum na uku zai samu wurin ƙafa. Injinta irin na Avalon da Highlander da Sienna ne, man gidan mai na yau da kullum aka yi shi dominsa, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna.

A Kura, inda gonakin shinkafa suka shimfiɗu hagu da dama, na lura motar na ɗan tsalle a kan ƙananan gaɓoɓin kwalta. Muka auna iska, sai ga ta ta haura abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba da yawa. Masu faci sukan cika taya da ƙiyasi, su buga ta da hannu su ce ta yi. A auna da ma'auni da safe, taya na sanyi, a bi lambar jikin ƙofa. Da aka rage, tsallen ya tafi.

Mun shiga Kano ta Na'ibawa kafin la'asar. Washegari S-Class ce ta ɗauki amarya a cikin gari, inda ta fi dacewa. Kafin ta koma Abuja na shawarci mai ita ya nemi wili mai inci 18, amma a fara gwada ɗaya a gaba, domin wasu ƙirar manyan birki gare su, ƙaramin wili ba ya shiga.