Kwal ɗin Ngwo: Yadda Aka Haƙa, Da Abin Da Ya Kashe Ramukan

Kafin a san wani birni Enugu, ƙauye ne na mutanen Ngwo a kan tudun Udi, ana ce masa Enugu Ngwo. A 1909 masu binciken ma'adinai na Turawan mulki suka gano kwal a yankin. Wajen 1915 aka fara haƙa, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, a 1917 kuma aka buɗe ramin Iva Valley.

Ba a haƙa rijiya a nutsa ƙasa ba. Kwal ɗin a kwance yake cikin tudu, kaurinsa bai cika kai mita 2 ba, don haka ta gefen tudu ake huda hanya a bi shi. Mai diga ya sare gindin, a sa nakiya ta kakkarya, a kwashe da shebur a zuba a kurar ƙarfe, wasu su tura ta kan siririn dogo zuwa waje. Ba a kwashewa duka: ana barin ginshiƙan kwal su riƙe rufi, a ƙara da turakun katako. Sai an kai ƙarshen fili ake dawowa da baya ana cinye ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Nan haɗarin yake, domin da nauyi ya fi ƙarfin katako, rufi ruftowa yake.

Ma'aikatan farko ma ba duka da son ransu suka zo ba. Sarakunan da Turawa suka naɗa, irin su Onyeama na Eke, su ke turo su. Rikicin albashi ya yi ta ruruwa har 18 ga Nuwamba 1949, ranar da 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley.

A ganina ruwa ne babban abokin gabar ramukan nan. Dutsen yashin da ke sama shaƙe yake da ruwa, yana tsiyayowa dare da rana, ga shi da tsami, yana cin ƙarfen famfo da bututu. Muddin famfo ya tsaya, rami ya cika. Haka ta faru a yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Kafin nan ma jiragen ƙasa sun fara komawa dizal, babban mai sayen kwal ɗin ke nan ya janye. Injinan da aka shigo da su daga ƙasar Poland a shekarun 1970 ba su dace da yanayin ramukan ba, suka zama kayan tsatsa, alhali kwal ɗin na nan kwance a cikin tudu.