Tagwayen da Na Gani a Na'ura, da Bambancin da Ke Cikin Kwalbar Allura

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin tantance ingancin magunguna, an ba ni aikin auna adadin testosteron, sinadarin da maraina ke samarwa a jikin namiji, da ke cikin wani man shafawa da ake ba mazan da jikinsu ya gaza samar da shi yadda ya kamata. Na'urar da muke amfani da ita tana fara tace abin da aka zuba mata ta cikin wani siririn bututu, yadda kowane sinadari zai fito a nasa lokacin, sannan ta auna nauyin ƙwayoyinsa. Nauyin ƙwayar testosteron 288 ne, kuma da yake na'urar tana liƙa mata haidurojin guda kafin ta auna, lambar da ake sa ran gani ita ce 289. Na ga 289 ɗin, amma a gefenta sai ga 577 da 599. Da na yi lissafi, sai na ga 577 ƙwayoyi biyu ne a manne tare da haidurojin guda, 599 kuma su biyun ne tare da sodiyom. Masana suna kiran irin wannan haɗuwa daima, ni kuwa tagwaye nake ce mata, domin abu ɗaya ne ya zo biyu a haɗe.

A daren nan na kasa barci, domin na ɗauka na gano gurɓataccen abu a cikin maganin da mutane ke shafawa kullum, har na fara raya wa kaina cewa wataƙila shi ne dalilin da ya sa wasu ke cewa maganin wani kamfani ya fi na wani aiki. Washegari na kai wa malamina takardar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "A wane lokaci tagwayen suka fito daga bututun?" Na ce, "Malam, lokaci ɗaya da testosteron ɗin." Ya ce in je in tsarma samfurin sau goma, in kuma auna tsantsar testosteron ɗin da muke kwatance da shi, sannan in dawo. Da na yi haka, sai na tarar tsantsar ma tana ba da 577, kuma da aka tsarma samfurin, tagwayen sun ragu fiye da yadda 289 ta ragu. Ashe a bakin na'urar suke haɗuwa, a lokacin da ruwan ke zama feshi yana bushewa, ƙwayoyin suna matsuwa wuri guda. Da a ce tagwaye ne na gaske da ke cikin maganin tun daga masana'anta, da sun fito a nasu lokacin daban, domin girmansu ya ninka, kuma da tsarmawa ba ta raba su ba.

Wannan ya sa na shiga karatun kalmar da kyau, inda na gane cewa ana amfani da ita a wurare da dama waɗanda ba su da alaƙa da juna. Furotin ɗin da ke ɗaukar testosteron a cikin jini, wanda ake taƙaita sunansa da SHBG, shi kansa tagwaye ne, kuma kowane ɓangare nasa yana da gurbin riƙe ƙwaya guda. Makarɓar da testosteron ke zama a kanta a cikin ƙwayoyin jiki ita ma sai ta haɗu da 'yar'uwarta kafin su kama sashen gado da ke kunna aikin. Akwai kuma tagwayen da masu bincike suka ƙera da gangan: a shekarar 2010 wasu masana a jami'ar Trois-Rivières da ke Kanada sun ɗaure ƙwayoyin testosteron biyu da wata gajeriyar sarƙa, suka gwada su a kan ƙwayoyin ciwon dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a ɗakin gwaji, suka ga cewa siga biyu na tagwayen ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wannan neman sabon maganin daji ne, ba abin da ake sayarwa a kantin magani ba. Wanda ya tsinci waɗannan bayanai a warwatse yana iya haɗa su ya gina labari mai daɗin ji, cewa alluran wani kamfani suna ɗauke da tagwaye shi ya sa ba sa aiki, kuma ni kaina saura kaɗan in gina irin wannan labarin da takardar na'ura a hannuna.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne yadda na tsallake bambance-bambancen da ke rubuce ƙarara a jikin kwali, na tafi neman wani ɓoyayye. Tun a 1935, shekarar da Ernst Laqueur da abokan aikinsa suka tato testosteron daga marainan bijimai a Amsterdam, Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka kuma suka haɗa shi a ɗakin gwaji, matsalar ita ce ba ya daɗewa a jiki. Idan an haɗiye shi hanta tana lalata mafi yawansa kafin ya zagaya, idan an yi allurarsa tsagwaronsa kuma nan da nan yake gushewa. Dabarar da aka samo ita ce a liƙa masa jela ta kitse, wadda ake kira esta, a narkar da shi cikin mai, a zuba a tsoka, yadda zai riƙa tsiyayowa sannu a hankali, jiki yana yanke jelar yana amfani da shi. Tsawon jelar shi ne kusan komai. Wanda ake kira furofiyonet, mai ƙwayar kabon 3 a jelarsa, kwana biyu zuwa uku yake yi, inantet mai kabon 7 rabinsa yana fita cikin kwana huɗu zuwa biyar, andikanowet mai kabon 11 kuwa, wanda ake sayarwa da sunan Nebido, ana yin allurarsa sau ɗaya cikin mako 10 zuwa 14. Jelar kuma tana da nauyi, don haka lambar da ke jikin kwalba ba ita ce adadin testosteron ba: miligiram 250 na inantet yana ɗauke da kimanin 180, miligiram 1000 na Nebido kuma kimanin 630. Sustanon 250 haɗin esta huɗu ne, kuma jimillar testosteron ɗinsa 176 ce. Da zarar an yanke jelar, abin da ke yawo a jini ƙwaya iri ɗaya ce, ko daga wace kwalba ta fito.

Shi ma man da aka narkar da maganin a ciki yana da nasa tasirin, kuma duk mayuka ne da muka sani tun muna yara. A Amurka ana yawan zuba wata esta mai suna sifiyonet cikin man angurya, inantet cikin man riɗi, Nebido yana cikin man cika-gida, Sustanon kuwa man gyaɗa ne, shi ya sa takardarsa ta hana a yi wa wanda jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa. Ban taɓa tambayar wani majinyaci ko gyaɗa tana sa masa ƙaiƙayi ko kumburi ba sai bayan da na karanta wannan, ga shi kuwa tambaya ce ta daƙiƙa biyar. Kaurin man cika-gida yana cikin abin da ke ja wa Nebido tsawon kwanaki, kuma yawansa, mililita 4 a allura guda, shi ne dalilin da ya sa ake tura shi a hankali, domin ɗigon mai yana iya shiga jijiya ya kai huhu ya jawo tari da sarƙewar numfashi. Hukumar magunguna ta Amurka da ta amince da irinsa a 2014 ta wajabta a zaunar da mutum minti 30 bayan allura ana lura da shi.

Man shafawa, wanda ya fara fitowa a Amurka a shekarar 2000, yana ba da adadi mai ɗan daidaito kowace rana, sai dai kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke ratsa fata, ragowar tana nan a jiki tana iya shafar wanda aka taɓa. A 2009 aka sa masa gargaɗi mai tsanani bayan an samu ƙananan yara da suka fara nuna alamun balaga saboda cuɗanya da manyan da ke shafawa. A gidan da uba ke ɗaukar jariri a kafaɗa ba riga saboda zafi, wannan gargaɗi ya fi duk wata magana ta tagwaye muhimmanci.

Shekaru biyu bayan kammala karatu, ina aiki a kantin magani na wani asibiti, wani dattijo ya zo tare da ɗansa. An yi masa tiyata a ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wanda ke ba maraina umarnin aiki, don haka yana kan allura har iyakar rayuwarsa. Inantet ya yanke a kasuwa, aka mayar da shi kan Sustanon, ya ce tun daga lokacin kasala ta dawo masa. Ɗan, wanda ya yi karatu sosai kuma ya damu da mahaifinsa, ya nuna mini takardun gwajin jini biyu, na farko adadin yana sama, na biyu yana ƙasa ƙwarai, ya tambaye ni ko sabon maganin yana da irin tagwayen da ya karanta labarinsu. Na tuna tambayar malamina, sai na juya ta. Na ce, "Baba, ranar da aka ɗebi jinin nan na farko, kwana nawa ke nan da yi maka allura?" Ya ce kwana uku. Na biyun kuwa an ɗiba ne ana gobe za a yi masa wata. Da muka ci gaba da magana, sai ya faɗa mini a hankali cewa tsadar sabon maganin ta sa ya mayar da allurar duk mako biyar maimakon mako uku da likita ya rubuta, kuma bai gaya wa kowa ba, har da ɗan nasa.

Kasalar da yake ji gaskiya ce, kuma da na tsaya ga cewa ai duk testosteron ɗaya ne, da na zalunce shi. Haka kuma da na bi ɗansa muka ɗora wa tagwaye laifi, da sun tafi neman wata kwalba alhali matsalar tana cikin kwanaki da kuɗi. Gwaji biyun ba a kwatanta su da juna, domin ɗaya an yi shi a ƙololuwa, ɗaya a ƙasan rami. Ko da lokacin ya zo ɗaya ma, lambar jimilla ba ta faɗin komai da komai, domin kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai na testosteron ke yawo a sake cikin jini, sauran yana riƙe a jikin SHBG da wani furotin na jini mai suna albumin, kuma SHBG yana ƙaruwa da tsufa da ciwon hanta, yana raguwa da ƙiba. Mutum biyu masu lamba ɗaya a takarda suna iya jin jikinsu daban.

Akwai abu guda da nake faɗa wa duk matashin da ya zo neman wannan allura ba da takardar likita ba, ko don gina jiki ko don abin da ake kira ƙarfin maza, kuma ya shafi kowace irin kwalba da kowane irin man shafawa. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa tana dakatar da umarnin da take ba maraina, sai ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada miligiram 200 na inantet duk mako a matsayin hanyar tsara iyali ga maza, aka wallafa sakamakon a 1990. Abin yana yi mini ciwo in ga ango da ke neman haihuwa yana sayen abin da ke hana ta, wani lokaci ma a kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC. Maganin kuma yana ƙara kaurin jini, shi ya sa ake bin mai amfani da shi da gwaji lokaci zuwa lokaci.

Dattijon nan na rubuta masa ɗan gajeren bayani zuwa ga likitansa, na sa ranakun alluran na gaskiya da ranakun da aka ɗebi jini, na kuma nemi izininsa kafin in ambaci maganar kuɗi a gaban ɗansa. Ɗan ya ɗauki nauyin sayen maganin, likitan ya mayar da allurar mako uku, ya ce a riƙa ɗibar jinin da safe ana gab da yin sabuwa. Bayan wata uku suka dawo karɓar magani, dattijon yana riƙe da ƙaramin littafi da ya rubuta ranar kowace allura a ciki, ya ce ya koma fita sallar asuba a masallaci da ƙafarsa.