Yadda haraji da bashi suka durƙusar da birnin Detroit

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka shi ne maganar fitilun kan titi. A shekarar 2013, kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titunan birnin ba sa kamawa, alhali kuwa mazaunansa su ne suka fi kowa ɗaukar nauyin haraji a duk faɗin jihar. Mutum ya biya harajin albashi, ya biya na gida, ya biya na wuta da gas, sannan idan magariba ta yi unguwarsa ta yi duhu ƙirin. Ranar 18 ga Yuli na wannan shekara birnin ya shiga kotun tarayya ya ce ya karye, ba zai iya biyan bashin da ya kai dala biliyan 18 ba. Babu wani birni a tarihin Amurka da ya taɓa faɗuwa da bashi mai yawan wannan.

A 1950 mutanen Detroit sun kai miliyan 1.85, kuma nan ne cibiyar ƙera motoci ta duniya, inda Ford da General Motors da Chrysler suka kafu a cikin birnin da kewayensa. Daga nan masana'antu suka fara ƙaura, masu hali suka bi su zuwa garuruwan gefe, tarzomar 1967 da ta ci rayuka 43 ta ƙara wa masu tafiya sauri. Da aka yi ƙidayar 2010, waɗanda suka rage ba su wuce dubu 714 ba. Sai dai faɗin birnin bai ragu ba. Yana nan murabba'in mil 139, da tituna da bututun ruwa da ofisoshin 'yan sanda da na kashe gobara da aka gina domin mutane kusan miliyan biyu, kuma kowanne yana bukatar kuɗin kulawa.

Matakin da hukumar birnin ta riƙa ɗauka duk lokacin da kuɗin shiga ya ja baya shi ne ƙara wa waɗanda suka rage nauyi. A 1962, zamanin magajin gari Jerome Cavanagh, aka ƙirƙiro harajin albashi na birni, kashi 1 cikin 100. Kafin shekaru goma su cika an ninka shi ga mazauna, aka kuma ɗora harajin kashi 5 a kan kuɗin wuta da gas da tarho. A 1981, zamanin Coleman Young, harajin albashi ya kai kashi 3. A 1999 aka buɗe gidajen caca, harajinsu ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan kasafin kuɗin birnin, abin da ni kam nake gani alama ce ta cewa sauran hanyoyin samu sun fara bushewa. Ko a shekarar da aka karye, mazaunin Detroit yana biyan kashi 2.4 na albashinsa, yayin da yawancin biranen Michigan masu irin wannan haraji kashi 1 suke karɓa, sauran garuruwan kuwa ba sa karɓa sam.

A nan ne birni ya bambanta da ƙasa. Wanda harajin ƙasa ya isa, barin ƙasar yana masa wuya, domin sai ya nemi biza ya bar dangi ya sake rayuwa. Mazaunin Detroit kuwa hanya ɗaya kawai zai tsallaka, wato titin Eight Mile da ke iyakar arewacin birnin, ya kama gida a wani gari inda haraji ya fi sauƙi, makarantu suka fi kyau, ba tare da ya bar wurin aikinsa ba. Wanda ke iya yin wannan ƙaura kuma shi ne mai albashi mai tsoka da mai kamfani, wato ainihin waɗanda ake tatsa. Kowane ƙarin haraji yakan kawo kuɗi a shekarar farko, daga baya sai ya rage yawan masu biya, gidajen da aka bari su zama kangaye, darajar na maƙwabta ta faɗi, harajin gidaje ya ragu, hukuma ta sake waiwayar waɗanda ba su da halin tashi.

Ta ɓangaren kashe kuɗi, ba wasu manyan gine-gine na alfahari ne suka fi cinye Detroit ba, alkawura ne. Magadan gari da 'yan majalisa sun riƙa sasantawa da ƙungiyoyin ma'aikata ta hanyar alkawarin fansho da kula da lafiya bayan ritaya, domin ƙarin albashi yana bayyana a kasafin bana, shi kuwa alkawarin fansho sai wanda zai hau kujera bayan shekara ashirin ne zai ji zafinsa. Masu kula da asusun fansho na ma'aikata sun kuma saba da raba wata garaɓasa da ake kira ceki na goma sha uku, wato ƙari a kan fanshon wata goma sha biyu, a shekarun da jarin asusun ya yi riba, maimakon a ajiye ribar domin shekarun hasara. Ban ɗora wa ma'aikatan laifi ba. Malamin ofis ko direban bas da ya yi shekara talatin yana aiki bisa alkawari yana da haƙƙin a cika masa. Laifin na wanda ya yi alkawarin ne bai ajiye abin cika shi ba. Lokacin da aka je kotu, 'yan fanshon birnin sun ninka ma'aikatan da ke bakin aiki, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na kuɗin shiga yana tafiya ne wajen biyan bashi da fansho da lafiyar waɗanda suka yi ritaya.

Mafi muni shi ne abin da aka yi a 2005 da 2006, zamanin Kwame Kilpatrick, wanda daga baya kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 28 kan cin hanci. Birnin ya ciwo bashin kimanin dala biliyan 1.4 domin cike giɓin asusun fansho, ta wata dabara da ta kauce wa iyakar cin bashi da dokar jiha ta gindaya. Aka kuma ƙulla yarjejeniya da bankuna a kan kuɗin ruwa, wadda za ta amfani birnin idan ruwan ya tashi. Da tattalin arzikin duniya ya rikice a 2008 sai ruwan ya faɗi warwas, birnin ya koma shi ke biyan bankunan, har ya jinginar musu da harajin gidajen caca a 2009. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kuɗin da ya tafi can, daga hidimar jama'a aka zare shi. Bayanan da aka gabatar a 2013 sun nuna cewa 'yan sanda kan ɗauki kimanin minti 58 kafin su amsa kiran gaggawa, kuma gine-gine kimanin dubu 78 ne aka yasar. A wannan hali mutane suka fara ƙin biya. Binciken jaridar Detroit News ya gano cewa kusan rabin masu gidaje da filaye ba su biya harajin 2011 ba. Wasu babu ce ta hana su, wasu kuma sun duba ne suka ga ba su san abin da suke saye da kuɗinsu ba. A ganina, ranar da mai biyan haraji ya kai ga wannan tunani, ranar birnin ya karye, zuwa kotu shaida ce kawai.

Adalci ne a faɗi cewa ba haraji da almubazzaranci kaɗai suka kai Detroit ƙasa ba. Akwai durƙushewar masana'antar mota, akwai wariyar launin fata da ta raba birnin da garuruwan gefensa, akwai kuma rage kason da gwamnatin jiha ke ba birane. Amma waɗannan guguwa ce daga waje. Abin da ke hannun shugabannin birnin shi ne su rage girman hukuma daidai da yawan jama'a, su daina alkawarin abin da babu, kuma shekara da shekaru akasarinsu suka gwammace su ɗage wannan magana mai ɗaci.

A watan Maris na 2013 gwamna Rick Snyder ya naɗa lauya Kevyn Orr kantoma, ikon zaɓaɓɓun shugabanni ya koma hannunsa. Alƙali Steven Rhodes ya yanke cewa dokar tarayya ta ba da damar a taɓa fansho duk da kariyar da tsarin mulkin Michigan ya ba shi. Masu bin bashi har suka sa ido kan zane-zanen gidan adana kayan fasaha na birnin domin a sayar a biya su, sai da gidauniyoyi da gwamnatin jiha da shi gidan suka yi alkawarin haɗa dala miliyan 816 cikin shekara ashirin domin a tsirar da zane-zanen a kuma sassauta wa tsofaffi. Duk da haka an zaftare kashi 4.5 na fanshon ma'aikatan farar hula, aka soke ƙarin da ake yi musu saboda tsadar rayuwa, tallafin lafiyarsu kuma ya kusa ƙarewa ɗungurungum. Yawancinsu mutane ne masu karɓar kimanin dala dubu 19 a shekara, kuɗin da a Amurka da ƙyar yake riƙe gida. A Disamba 2014 birnin ya fita daga kotu bayan an sauke masa bashin kimanin dala biliyan 7, zuwa ƙarshen 2016 kuma an kafa sababbin fitilu dubu 65.

Akwai wani haƙƙi da kotun ba ta taɓa ba, kuma shi ya fi damuna. Tsarin mulkin Michigan ya hana a ƙiyasta gida don haraji fiye da rabin kuɗinsa na kasuwa, amma da farashin gidaje ya rushe bayan 2008, hukumar birnin ta daɗe ba ta sauko da ƙiyasinta yadda ya kamata ba. A 2020 Detroit News ta lissafa cewa tsakanin 2010 da 2016 an caji masu gidaje aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙima, kuma ƙananan gidajen talakawa abin ya fi shafa. Dubban iyalai sun rasa muhallinsu a gwanjon da ake yi wa gidajen da suka kasa biyan haraji, ciki har da tsofaffin da suka gama biyan kuɗin gidajensu tun shekaru da dama, waɗanda suka ƙi tsallaka Eight Mile lokacin da kowa ke tafiya.