Murɗar ciki daga bayan kantar kemis

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba wani ya shigo shagona dafe da ciki yana cewa, "Malam, ba ni Flagyl" ba. Ni kuwa ba na miƙa ƙwaya sai na yi tambayoyin da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya koya mini tun ina yaron shago mai goge kwalabe: ta ina yake murɗawa, yaushe ya fara, me aka ci, akwai gudawa ko amai? Na taɓa ɗauko wa wani dattijo diclofenac saboda ya ce cikinsa na ciwo. Maigida ya riƙe hannuna a gaban mutumin, ya karɓe sacet ɗin. Ashe gyambon ciki ne da shi, irin wannan maganin da ibuprofen kuwa ƙara ƙwaƙule gyambon suke yi. Shekara 17 ke nan, ban manta kunyar ranar ba.

Murɗar ciki iri-iri ce. Wanda ya ci gurɓataccen abinci yana zawo, abin da ya fi buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari, sacet ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Yaro ne, sai a ƙara masa zinc na kwana 10 zuwa 14. Mai zafi a ƙahon zuciya idan yunwa ta kama shi, wanda nake yawan gani da azumi, nasa daban ne: omeprazole mai rage tsamin ciki, a rage yaji, sannan a je gwajin ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambon ciki. Ciwon mara na al'ada da kullewar ciki ma kowanne da hanyarsa. Buscopan na kwantar da murɗa, amma ba ya taɓa tushen ciwon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tallar magani a kwando. Ƙwaya ta wuni a rana a tasha, babu lambar NAFDAC, a haɗa wa mutum kala biyar a leda. Sai ya zo wurina yana ce mini, "Haba Alhaji, can fa rabin kuɗin nan ne." To, ni nawa a inuwa yake, kuma kowane kwali sai na duba ranar lalacewarsa da idona. Wasu ma sai sun ɗirki jar kanwa kafin su iso.

Akwai kuma masu ciwon cikin da ko Panadol ba na sayar musu, sai dai in tura su asibiti: mace mai juna biyu, mai kashi da jini ko baƙi ƙirin, da wanda ciwon ya faro daga cibiya ya gangaro dama ta ƙasa da zazzaɓi. Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo ɗanta haka, tana roƙon maganin naira 300. Na ce, "Hajiya, ajiye kuɗinki ki hau adaidaita." Ni na tsayar musu da adaidaitar, na ce wa direban asibiti kai tsaye.